Masu Zanen da Suka Koya wa Likitoci Kallon Jikin Mutum

A bangon ɗakin ganin likita, ko a shagon sayar da magani, sau da yawa za ku tarar an manna babbar takarda mai hoton mutum a tsaye, an ɗaye masa fata, komai na cikinsa a fili. Jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya ja wur, masu komar da shi shuɗaye, jijiyoyin ji da motsi ruwan ɗorawa, hanta da huhu da hanji kowanne a mazauninsa tsaf. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, babu ɗan Adam ɗin da cikinsa yake haka. In likitan fiɗa ya buɗe ciki, kitse da jini da tantani yake fara cin karo da su, launi duk ya kusa zama ɗaya, wannan ya hau kan wancan. Ja da shuɗi da ruwan ɗorawan nan tsari ne da masu zane da malaman likitanci suka daidaita a kai, don ɗalibi ya iya rarrabewa.

Wannan ba ƙarya ba ce, koyarwa ce. Ɗalibi ba ya ganin abin da ba a nuna masa ya nema ba, kuma kafin ya taɓa riƙe aska, zanen littafi ne ya fara shirya masa ido. Saboda haka kowane zane irin wannan aikin mutum uku ne: malamin da ya feɗe, mai zanen da ya zaɓi abin da za a nuna da wanda za a ɓoye, sai kuma mai gawar. Na farkon shi ne sunansa ke kan bangon littafi. Na biyun akan manta da shi. Na ukun kuwa galibi ba a ma tambayi izininsa ba.

Likitan da bai feɗe mutum ba

Labarin ya fara daga Jalinus, wanda aka haifa a shekara ta 129 a birnin Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya fara aiki a matsayin likitan mayaƙan da ake haɗawa faɗa a fili don nishaɗin jama'a, daga baya ya koma Rum ya zama likitan sarki Marcus Aurelius. Mutum ne mai kaifin ido da yawan rubutu. Matsalar ita ce a zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba, don haka sai ya koma kan birai da aladu da shanu da tumaki, abin da ya gani a cikinsu ya ɗora wa ɗan Adam. Kamar dai wanda ya ƙware a fiɗar ragon layya ne ya ce ai ya gama sanin cikin mutum: zai dace a wurare da yawa, zai kuma kauce a wasu.

Ya kauce kuwa. An gada daga koyarwarsa cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, alhali guda ne. Ya ce akwai wasu 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciya gida biyu, jini na ratsawa ta cikinsu. Ya kuma bayyana wata saƙa ta jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa, wadda tumaki da shanu ke da ita amma mutum ba shi da ita. Sama da shekara 1,300 ana karantar da waɗannan abubuwa daga Bagadaza har Faris.

Ba wai ba a samu masu gyara ba. Wajen shekara ta 1200 an yi wata muguwar yunwa a Masar, gawawwaki suka taru a bayan Alƙahira. Wani malami, Abdullaɗif al-Bagadadi, ya je ya dudduba tarin ƙasusuwan, ya rubuta cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, Jalinus ya yi kuskure. Bayansa Ibnun Nafis, ɗan Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta a sharhinsa na littafin Ibnu Sina cewa babu wata ƙofa a bangon zuciya, jini ta huhu yake bi kafin ya koma ɗaya ɓangaren. Duka biyun sun yi gaskiya. Amma gyaransu ya tsaya a cikin 'yan kwafin rubutun hannu, har sai a 1924 wani ɗalibin likitanci ɗan Masar, Muhyiddin al-Taɗawi, ya ci karo da rubutun Ibnun Nafis a wani ɗakin karatu a Balin.

Me ya sa zane bai taimaka ba a lokacin? Akwai zane, kuma mai kyau. Littafin ido da ake jingina wa Hunain ɗan Is'haƙ, shahararren mai fassara na Bagadaza, yana ɗauke da zanen sassan ido. A Andalus kuma, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta At-Tasrif mai kashi 30, kashi na ƙarshe kan aikin fiɗa. A ciki ya zana kayan aiki kusan 200: asake, almakasai, ƙugiyoyi, zartuna, hantsaki, ƙarafan lalas. Manufarsa a fili take, likita ya kai wa maƙeri hoton ya ƙera masa. Wanda ya san abin da ke cikin zabirar wanzami ba zai ji baƙunta a wannan littafi ba, domin akwai babin ƙaho, da na kaciya, da na beli, ga kuma kashi guda sukutum kan karaya da gocewar ƙashi, aikin da maɗora ke yi. An fassara littafin zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, likitocin Turai suka daɗe suna sha daga gare shi. A Shiraz ta ƙasar Farisa, ƙarshen ƙarni na 14, Mansur ɗan Ilyas ya fitar da zanen mutum cikakke shafi-shafi: na ƙasusuwa daban, na tsoka daban, na jijiyoyi daban, har da mace mai ciki. A 1465 kuma wani likitan Amasya a Turkiyya, Sharafuddin Sabuncuoglu, ya yi littafin fiɗa da hotunan likita da majinyaci a tsakiyar aiki, har da mata masu aikin. Duk da sanannen taka-tsantsan ɗin malamai game da zana mai rai, likitocin Musulmi sun yi zane inda ilimi ya buƙata.

Cikas ɗin yana wajen kwafa. Marubuci na iya kwafe kalmomi daidai ko bai fahimce su ba, amma zane ba haka yake ba. Wanda bai taɓa ganin ƙugiyar fiɗa ba zai ɗan lanƙwasa ta fiye da kima, na bayansa ya ƙara mata ado, kafin kwafi na goma ta zama abin da babu maƙerin da zai iya ƙerawa. Haka ya faru da wasu kwafin littafin Zahrawi. Zanen da ke sauyawa daga hannu zuwa hannu ba ya zama hujja, don malami biyu a gari biyu ba abu ɗaya suke kallo ba.

Leonardo da Vinci, wanda duniya ta fi sani da hoton Mona Lisa, ya zo daidai lokacin da injin ɗab'i ya fara yaɗuwa, amma bai ci moriyarsa ba. A hunturun 1507 zuwa 1508, a asibitin Santa Maria Nuova da ke Florence, wani tsoho da ya ce ya haura shekara 100 ya rasu jim kaɗan bayan sun yi hira. Leonardo ya feɗe gawar don ya ga abin da ya kashe shi, ya bayyana yadda jijiyoyin jininsa suka yi kauri suka matse, da yadda hantarsa ta bushe ta yi tauri. Ya ɗura narkakken kakin zuma a cikin ƙwaƙwalwar bijimi don ya ga siffar kogunan da ke ciki. Sai dai shi ma dabba ta yaudare shi. A sanannen zanensa na ɗan tayi a dunƙule cikin mahaifa, wajen 1511, jaririn daidai yake, amma mabiyiyar ta saniya ce, mai ƙulle-ƙulle warwatse a bangon mahaifa, alhali ta mace guda ɗaya ce mai faɗi. Ya rasu a 1519 bai buga ko shafi ɗaya na wannan aiki ba. Takardun suka ƙare a fadar Windsor ta Ingila, ba a buga su sosai ba sai wajen 1900. Hazaƙa ce da ba ta warkar da kowa ba.

Littafin 1543

A jami'o'in Turai na wancan zamani, ga yadda darasin fiɗa yake: farfesa na can bisa doguwar kujera yana karanta littafi, wanzami na ƙasa yana yanka, wani na uku na nuni da sanda. In gawa ta saɓa wa littafi, gawar ce ke da laifi. Andreas Vesalius, haifaffen Brussels a 1514, shi ya sauko daga kujerar ya karɓi askar da kansa. Tun yana ɗalibi yake da wannan naci, har ya taɓa fita bayan ganuwar Louvain ya kwashe ƙasusuwan wani da aka rataye, ya shigo da su gari a ɓoye, kaɗan-kaɗan. A 1537, yana gab da cika shekara 23, aka ba shi koyarwa a Padua ta Italiya, inda wani alƙali ya riƙa ba shi gawawwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa.

Da farko shi ma Jalinus yake gani. A zane-zanen da ya fitar a 1538, saƙar jijiyoyin nan ta gindin ƙwaƙwalwa tana nan raɗau. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa in zai yi darasi yakan ajiye kan tunkiya ko na bijimi a kusa, domin in an nemi saƙar a kan mutum an rasa, ya nuna wa ɗalibai a na dabba, kada a ce ya gaza. Wannan ɗan labari ya fi kowane bayani nuna ƙarfin abin da aka riga aka koya wa ido. Sai da ya feɗe gawa bayan gawa, ya jera ƙwarangwal ɗin mutum kusa da na biri, sannan ya yarda cewa malamin malamai bai taɓa buɗe mutum ba.

A 1543 ya fitar da littafinsa kan ginin jikin ɗan Adam, wanda ake kira Fabrica a taƙaice: kashi bakwai, shafi sama da 600, zane sama da 200. Masu zanen ana kyautata zaton daga shagon Titian suke, babban mai zanen Venice, kuma sunan da aka fi ambata shi ne Jan van Calcar. Amma littafin bai ambaci sunan kowa ba. An sassaƙa kowane hoto a kan allon katako a Venice, aka tsallaka da allunan duwatsun Alps zuwa Basel, wurin mai maɗaba'a Johannes Oporinus. A nan asirin yake. Allo ɗaya na buga hoto ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da layi ya goce ba. Vesalius ya sa aka ɗiga ƙananan haruffa a kan kowace tsoka da kowane ƙashi, bayani na kiran harafi, harafi na kai ido wurin. Daga ranar, likita a Faris da likita a Padua na iya buɗe shafi ɗaya su yi gardama a kan abu ɗaya, wanda bai yarda ba kuma ya je ya duba gawa. Gani ya kori ji.

Hotunan da suka fi shahara su ne mutanen tsoka guda 14. Na farko tsaye yake da ƙarfinsa, fata kawai aka cire. Shafi bayan shafi ana ɗaye tsoka, tana reto daga inda take manne, har a kai ga wanda sai da igiya aka tsayar da shi. Bayansu kuwa tsaunuka ne da ƙauyuka da kufai na karkarar Padua, in an jera shafukan sai su haɗu su zama shimfiɗa ɗaya. Wani zai ce ado ne kawai. Ni dai a ganina dabara ce: tsoka a jikin da ke tsaye yana miƙa hannu tana nuna aikinta, wadda ke kwance a kan tebur kuwa nama ce kurum. Kuma mai karatu ya fi jure kallon abin da ke da kyan gani.

Tsohon malamin Vesalius na Faris, Jacobus Sylvius, ya fusata ƙwarai, ya kafe cewa Jalinus bai yi kuskure ba, jikin mutane ne ya canja tun daga zamaninsa. Allunan katakon sun rayu shekara 400, sai da bam ya ƙone su a Munich lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙwarangwal ɗin da Vesalius ya haɗa a Basel a 1543 kuwa yana nan har yau a gidan tarihin jami'ar garin. Na wani mutum ne mai suna Jakob Karrer, wanda aka fille wa kai.

Gawar wa?

Wannan tambaya ita ce gefen labarin da ba a cika so a taɓo ba. A 1632 Rembrandt, yana matashi, ya zana darasin fiɗa na Dakta Nicolaes Tulp a Amsterdam. Likitoci sanye da baƙaƙen kaya da fararen kwala sun sunkuyo, kowannensu ya biya kuɗi don fuskarsa ta fito. A gabansu gawar Aris Kindt ce, wanda aka rataye saboda fashi. Irin wannan darasi a bainar jama'a ake yinsa, cikin hunturu don kada gawa ta yi saurin ruɓewa, mutane na biyan kuɗin shiga. Masana sun lura da wani abu: a hoton an fara da hannu, ciki na nan a rufe, alhali a zahiri ciki ake fara buɗewa saboda shi ke fara lalacewa. Mai zane ya zaɓi abin da zai nuna ke nan. Hoton yana birnin Hague yanzu.

Da makarantun likitanci suka yawaita a Birtaniya, waɗanda ake ratayewa suka kasa isa, sai sana'ar tone kaburbura ta kankama. A 1828 a Edinburgh wasu mutum biyu, Burke da Hare, suka ga tonon ma wahala ne, suka kashe mutum 16 suna sayar wa wani malamin fiɗa, Robert Knox. An rataye Burke a 1829, aka kuma feɗe gawarsa a gaban jama'a. Majalisa ta yi doka a 1832 wadda ta ba makarantu gawawwakin da babu mai nema daga asibitoci da gidajen gajiyayyu. Satar gawa ta ragu, amma nauyin ya tashi daga kan masu laifi ya koma kan matalauta.

Da irin waɗannan gawawwaki aka yi littafin da ya fi kowane suna a wannan fanni, Gray's Anatomy, wanda ya fito a 1858. Henry Gray ya rubuta bayani, abokin aikinsa a asibitin St George's na Landan, Henry Vandyke Carter, ya yi zane 363. Dabarar Carter ita ce rubuta sunan kowane abu a kan abin da kansa, yana bin lanƙwasar ƙashi ko tsoka, ɗalibi ba sai ya yi ta kai-komo da ido ba. Wannan ne ya sayar da littafin. Ladan Carter fam 150, kuma a takardar gwajin ɗab'i Gray ya sa aka rage girman haruffan sunan Carter ɗin. Carter ya tafi Bombay ta Indiya ya ci gaba da aikin likita, Gray kuma agana ta kashe shi a 1861 yana ɗan shekara 34. Har gobe ana sabunta littafin, da sunan mutum ɗaya.

Mafi muni shi ne labarin Eduard Pernkopf, malamin fiɗa a Vienna. Ɗan jam'iyyar Nazi ne na gani-kashe-ni. Da aka naɗa shi shugaban tsangayar likitanci a 1938, an kori malamai 153 daga cikin 197, yawancinsu saboda Yahudawa ne. A wannan yanayi ne shi da masu zanensa suke aikin wani kundi mai juzu'i huɗu, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1960, da fentin ruwa mai kyan da ƙwararru da dama ke cewa ba a yi kamarsa ba, musamman wajen bin sawun ƙananan jijiyoyi. Ɗaya daga masu zanen, Erich Lepier, yakan saka tambarin Nazi a cikin sa hannunsa, a bugun baya aka goge. Binciken da Jami'ar Vienna ta fitar a 1998 ya gano cewa aƙalla gawar mutum 1,377 da gwamnatin Nazi ta zartar wa kisa aka kai sashen fiɗa na jami'ar, da yawansu 'yan adawar siyasa ne. An daina buga kundin tun 1994.

Sai dai daina bugawa bai kashe maganar ba, don akwai likitocin da ke da tsofaffin kwafi, kuma sun san amfaninsu. Susan Mackinnon, ƙwararriyar likitar fiɗar jijiyoyi a Amurka, ta fito fili ta ce akwai aikin da in ya cije mata sai ta duba Pernkopf, ta kuma nemi a gaya mata ko hakan ya halatta. Amsar ta zo a 2017 daga wani malamin Yahudawa, Joseph Polak, wanda shi kansa yana yaro ya tsira daga sansanin Nazi: ana iya amfani da hotunan don ceton rai, da sharaɗin a riƙa faɗin tarihinsu da na mutanen da ke ciki. Akwai waɗanda har yanzu ba su gamsu ba, kuma ba za a ce ba su da hujja ba.

Zamanin kwamfuta ma bai rabu da wannan gado ba. Jikin mutum na farko da aka mayar hotunan kwamfuta daga kai har ƙafa, wanda aka saki a 1994 a Amurka, na wani fursuna ne da aka zartar wa kisa a Texas a 1993. An daskarar da gawar, aka yanka ta sala-sala sama da 1,800, kowane kaurin milimita ɗaya. Bambancin kawai shi ne shi ya amince a ba da gawarsa ga ilimi. A ƙasashenmu kuwa, inda Musulmi ke gaggauta suturta mamaci kuma ba kasafai ake samun mai wasiyyar ba da jikinsa ba, gawawwakin da babu mai nema su ne akasarin abin da ɗalibai ke koyo a kai.

Ga kyamara, me za a yi da mai zane?

Tun 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya ɗauki hoton ƙashin hannun matarsa da zobenta a yatsa, ake tsammanin aikin mai zane ya ƙare. Bai ƙare ba. Kyamara na ɗaukar duk abin da ke gabanta, da mai amfani da marar amfani, kuma jikin mutum ɗaya take nunawa, da tabonsa da ƙibarsa da cutarsa. Mai zane kuwa yana duba jiki da yawa ya fitar da abin da suka yi tarayya a kai, ya kawar da kitse, ya ɗaga tsoka ya nuna abin da ke ƙarƙashi. Shi ya sa Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe sashe musamman na zanen likitanci a 1911 ƙarƙashin Max Brödel. Shi ya sa kuma kundin Frank Netter, likitan da ya bar duba marasa lafiya ya koma zane, wanda ya fito a 1989, yake hannun ɗaliban likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri.

Wani lokaci ma zanen shi ne binciken. Santiago Ramón y Cajal ɗan Sifaniya ya so zama mai zane, mahaifinsa ya tura shi likitanci. Ya ɗauki dabarar rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan Italiya Camillo Golgi ya ƙirƙiro, ya yi ta zana abin da yake gani a madubin ƙara girma. Golgi ya duba ya ga saƙa ɗaya a haɗe ba yankewa. Cajal ya duba abu iri ɗaya, ya zana ƙwayoyi daban-daban, kowace mai zaman kanta, suna miƙa wa juna saƙo. An raba musu kyautar Nobel a 1906 suna kan saɓani, har Golgi ya soki ra'ayin Cajal a jawabinsa na karɓar kyauta. Sai a shekarun 1950 sabon madubi mai aiki da lantarki ya nuna 'yar tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Cajal ne ya yi daidai.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne launin fata. Tunda a Turai da Amurka aka yi littattafan, mutumin cikin zane kusan kullum fari ne. Wani bincike da aka buga a 2018 ya duba hotuna sama da 4,000 a manyan littattafai huɗu da ake koyarwa da su a Amurka, ya tarar baƙar fata ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Ga ƙashi da hanta wannan ba wata matsala ba ce, amma ga alamun cuta da ake karantawa a fata, babbar magana ce. Littafi zai ce ƙurajen ƙyanda jajaye ne, wurin da ya kumbura yakan yi ja, wanda iska ta gaza masa leɓɓansa kan yi shuɗi. Ɗalibin da ya haddace haka zai iya tsayawa a kan yaro baƙi yana neman launin da ba zai taɓa gani ba.

A 2020 wani ɗalibin likitanci ɗan asalin Zimbabuwe, Malone Mukwende, tare da malamansa biyu, ya fitar da ɗan littafin Mind the Gap, mai nuna alamun cututtuka a baƙar fata, kyauta a intanet. A lokacin a St George's yake karatu, makarantar su Gray da Carter. A Disambar 2021 kuma zanen wani matashi ɗan Najeriya, Chidiebere Ibe, ya zagaye duniya: mace baƙa mai ciki, da ɗan tayi baƙi a mahaifarta. Mutane da yawa, har da likitoci da ungozomomi, suka ce ba su taɓa ganin irinsa a littafi ba.

Ma'aikatan lafiya na nan gida sun daɗe da sanin hanyar da littafin bai zana musu ba. In ana zargin ƙarancin jini, a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta, a duba tafin hannu da farce. In shawara ce, farin ido ake kallo, a hasken rana ba na fitila ba. Ƙarancin iska a jini, harshe da dasashi da cikin leɓe ne ke nunawa, sukan dusashe su yi toka-toka. Ƙurajen ƙyanda kuma a baƙar fata sau da yawa ba sa yin ja, sun fi fitowa da duhu ko su saje da jiki, shi ya sa ake shafa bayan kunne da goshin yaro da yatsa a ji gurzarsu, a haɗa da zazzaɓi da tari da majina da jan ido kafin a yanke hukunci.